Surukin Gola

A bayan gidan gabas na filin ƙwallon Zuru akwai wani kututturen ɗorawa, kuma duk wanda ya san garin bayan yaƙin Bama ya san kututturen nan da mai shi. Ba a rubuta a ko'ina ba, amma ranar Asabar ko akuya ba ta hawansa. Na Mika ne, mai facin keke na bakin kasuwa. Gidan da gola ke tsarewa a lokacin gora biyu ne a kafe da igiya a sama, babu raga, saboda haka duk ƙwallon da ta wuce gola sai ta iske Mika. Yakan ce shi kaɗai ne a garin nan ake ci a jikinsa, don haka shi ya fi kowa ikon magana. In an juya gida bayan hutu, sai ya ɗingisa ya zagaya yamma, inda ya sa aka mirgino masa wani dutse.

Mika bai taɓa buga ƙwallo ba. Ba zagi ba ne, shi ma bai musa ba, sai dai ba ya son a tayar da zancen. Ya shiga soja tare da samarin tudu, aka ɗebe su a jirgin ruwa, amma kafin ya ga Bama da idonsa akwatin harsashi ya sauko masa a ƙafar hagu. Sauran suka wuce daji, shi aka bar shi a wani sansani a Indiya yana gyaran kekunan masinjoji. Kowace yamma hafsoshin Turawa sukan fito tamaula, su tuɓe riguna da agogo su ba shi ajiya. Shekara biyu ya yi tsaye a bayan gida, agogo shida a hannu, yana kallo. Abokansa suka dawo da lambobin yabo da labarin daji, shi ya dawo da famfon keke da ilimin ƙwallo, kuma in ka bi ta tasa, shi ya fi su riba.

Ƙungiyarsa Mazan Tudu ce, taron 'ya'yan tsofaffin soja da leburorin En'e, sai wani malamin makaranta, Malam Haggai, wanda aka ba kyaftin saboda shi ke da usur. Ƙwallonsu ɗaya ce tal, ta fata mai igiya, da roba a ciki, kuma ba ta yin mako biyu ba ta sauka kan ƙaya ba. Duk garin Mika ne kaɗai ya iya yi mata faci. Wanda iskar ƙwallo ke hannunsa kuwa, dole a saurare shi.

Ra'ayoyinsa ba su da yawa, sai dai ba ya gajiya da su. Takalmi, in ji shi, shi ya lalata Turawa, don ƙafar da ba ta jin ƙasa ba za ta ji ƙwallo ba. Mayar da ƙwallo baya gudun yaƙi ne, a soja ɗaure mutum ake yi a kai. 'Yan gaba biyar da ake jerawa taron rabon nama ne, kowa ya zo da wuƙarsa, babu mai riƙe akuya. Sila, ɗan gefen hagu, ya fi ƙwallo gudu, kullum sai ya isa ya tsaya jiranta. Malam Haggai kuma Turanci yake yi wa ƙwallo, ita kuwa ba ta yi makaranta ba. Amma uwar ra'ayoyin nan duka ita ce ta gola. Yakan ajiye guduma ya ɗaga yatsa ya ce, "Gola shi ne saje manja. Mutum goma su zama sakarkaru, ba komai, in dai na sha ɗayan yana da hankali."

Abin takaici, na sha ɗayan da suke da shi mutum ne mai tsananin son haƙoransa. In ƙwallo ta taso da ƙarfi sai ya ba ta hanya. 'Yan Danko suka ci su, 'yan Kanya suka ci su, har wata rana 'yan makaranta suka ci su, aka ce wasan motsa jiki ne. Mika yakan koma gida da shatin igiyar ƙwallo a ƙirji, matarsa Saloma ta dube shi ta ce ko a yaƙin ma bai dawo da tabo haka ba.

A kakar hamsin da uku ya tsinci Dawuda. Yana wucewa ta wani gida a bayan gari ana shigar da hatsi, sai ya ga wani dogon saurayi a kan rumbu, ana jefo masa dammunan dawa daga ƙasa yana cafewa da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana riƙe da rake. Mika ya sauka daga keke ya tsaya. Dami goma sha bakwai aka jefa a gabansa, ko zangarniya ba ta faɗi ba, raken ma bai faɗi ba. Ranar Asabar ya jawo shi fili ya tsayar da shi tsakanin gorar nan biyu, ya sa masa wata tsohuwar hular soja saboda rana.

Dawuda yana da hannu, ba shi da ilimi. Mika yana da ilimi, ba shi da ƙafa. Sai suka haɗa jari. Daga kan kututture Mika ke ba da oda: "Dawuda, fito! Tsaya nan! Hagunka!" Dawuda kuwa ba ya ko waigowa, jikinsa ne ke amsawa. Mutane suka ce gola biyu Mazan Tudu ke sawa, ɗaya a ciki ɗaya a waje. 'Yan Danko har ƙara suka kai wa alƙalin wasa, ya duba ɗan littafinsa gaba da baya bai ga inda aka hana mutum zama kan kututture ba. Rani biyu a jere ƙwallo biyar kacal ta shiga gidan nan, kuma Mika ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya gano uku laifin Malam Haggai ne, biyu na iska.

Wannan shi ne lokacin da Mika ya fi jin daɗin duniya. Tsofaffin sojan da a da sukan yi shiru da labarin daji in ya iso, don kada ya ji kunya, yanzu su ke zuwa rumfarsa su tambaye shi yadda Asabar za ta kaya. Dawuda kuma ya riƙa zuwa gida da yamma ɗaukar karatu. Mika ya zana masa gida a ƙasa da tsinke, ya jera tsakuwa, ya koya masa karanta ƙafar mai bugun fanareti. 'Yarsa Rachel ce ke kawo ruwa. Ruwa ba ya tsami banza, kuma saurayin da ke jin ƙishirwa sau huɗu a darasi ɗaya ba ƙwallo kaɗai ya zo koya ba. Duk unguwar ta gane, ban da Mika mai ba da karatun.

Da bazarar hamsin da biyar ta kama, iyayen Dawuda suka aiko. Rachel ta yarda, ai ta daɗe da yarda, ba a dai tambaye ta ba ne. A ƙasar nan kuwa ba a ɗaukar 'yar mutane da baki. Saurayi zai shiga golmo, wato shi da sa'o'insa su riƙa yi wa uban yarinya noma, damina bakwai, kafin a ba shi ita. Masu wa'azi sun yi magana a kan al'adar, amma ciyawa ba ta jin wa'azi, kowa ya ci gaba da abinsa. Mika ya yi murna har ya rasa inda zai sa kansa. Ga gona za ta sami hannu, ga gola ya zama ɗan gida. Ya gaya wa Saloma cewa yanzu babu wata ƙungiya da za ta iya zuwa ta yaudare shi. Saloma ta dube shi, ta ci gaba da tankaɗe.

Damina ba a ƙwallo, kowa yana gona. Dawuda da abokansa suka yi wa gonar Mika noman da ba ta taɓa gani ba. In Mika ya je dubawa, Dawuda yakan ajiye garma ya tsuguna daga nesa, kai a sunkuye, har sai ya wuce. Mika ya ji daɗin wannan ƙwarai. Ya ce yaron ya san abin da ya kamata.

Asabar ta farko bayan an shigar da hatsi, 'yan Kanya suka iso da ƙafa. Mika ya hau kututture da sabuwar riga. Ba a yi minti goma ba ɗan gaban Kanya ya kuɓuce wa 'yan baya ya nufo gida shi kaɗai. Mika ya cika ƙirji da iska.

"Dawuda, fito!"

Dawuda ya juyo, ya cire hula, ya tsuguna, ya sunkuyar da kai ya ce, "Na'am, Baba."

Ƙwallo ta bi ta bayan wuyansa ta zo ta sami Mika a ƙirji.

Babu wanda ya yi dariya, domin babu abin dariya. Suruki ya kira, yaro ya amsa yadda ake amsawa. Wani tsoho ma a bakin fili ya gyaɗa kai ya ce yaron nan ya sami tarbiyya. Mika ya ce, "Tashi! Me kake yi haka?" Dawuda da ya fara miƙewa ya ji Baba na magana, sai ya koma ya tsuguna har ya gama. Aka tashi an ci Mazan Tudu huɗu da nema. 'Yan Kanya kafin su kama hanya sai da suka biyo ɗaya bayan ɗaya suka gaishe da Mika, suka yi masa fatan Allah ya ja kwana.

Ranar Litinin Mika ya aika a kira shi. Dawuda ya zo da abokinsa, don ba ya zuwa gaban suruki shi kaɗai, suka tsuguna can bakin rumfa. Mika ya yi masa bayani irin na soja, cewa fili daban gida daban, a fili babu suruki, akwai saje da kurtu ne kawai, kuma wannan oda ce: kada ya ƙara tsugunawa. Dawuda ya saurari odar a tsugune, ya ce, "To, Baba."

Asabar ta biyu Mika ya yi dabara. Ya yanki guntun tsohuwar roba ya sa tsakanin haƙora ya cije, ya rantse ba zai ce uffan ba. Bai ce ba kuwa. Sai dai ya manta cewa mai zama bayan gida, gola baya yake ba shi, kuma ba a ba suruki baya. Dawuda ya wuni tsaye a karkace, rabinsa na fuskantar fili, rabinsa na girmama kututture. Ga shi kuma ya ƙi faɗuwa. Mutum ya yi birgima a ƙasa da gajeren wando, ƙafafu a sama, a gaban uban matarsa? 'Yan Danko suka zuba uku suka tafi.

Asabar ta uku Mika ya bar kututturen ya shiga cikin jama'a a gefen fili, ya kifa malafa har bisa hanci. An kai rabin wasa lafiya, Dawuda yana ta aikinsa, har ya yi wani tsalle ya cafke wata ƙwallo a sama da hannu biyu. Mika ya manta kansa ya yi gyaran murya. Gyaran muryar nan kuwa ko a cikin kasuwa Dawuda ya san ta. Hannunsa biyu na riƙe da ƙwallo, ga hula a kai, ga Baba. Sai ya ajiye ƙwallon a hankali ya cire hular. Ɗan gaban abokan karawa da ke tsaye kusa ya ɗan yi jim don mamaki, sannan ya tura ta ciki.

Laifi tudu ne. Mika ya yi mako guda a rumfa yana fayyace wa duk wanda ya kawo faci abin da ya sami Mazan Tudu. 'Yan baya sun yi ƙiba da sabuwar dawa. Sila ya ƙara gudu, abin da ba a buƙata. Malam Haggai ya samo wani littafi mai zane-zane ya ruɗa yara da shi. Igiyar ƙwallon ma ba irin ta da ba ce. Mutane sukan ce haka ne, haka ne, su karɓi kekensu su tafi. Duk garin ya san ciwon, amma wa zai gaya wa mutumin da ke hura ƙwallo?

Ladan tela ne ya gaya masa. Rumfarsu ɗaya ce aka raba da zana, shekara takwas suna jin tarin juna. Ladan bai san komai ba a ƙwallo, bai kuma damu ya sani ba. Yana zuwa fili ne kawai saboda shi ya ɗinka rigunan ƙungiya, yana so ya ga ta inda suke yagewa. Ya tsayar da keken ɗinki ya leƙo ta saman zana.

"Mika, in hwaɗa maka gaskiya ko in bari?"

"In ta ƙwallo ce ka bari, ba fanninka ba ne."

"Ba ta ƙwallo ba ce, ta surukai ce, kuma ni ɗiya ukku na aurar. Wanga yaro lahiyatai lau. Ba shi da ciwo sai kai. Ranar da duk ka tahi fili, ba gola shika yi ba, gaisuwa shika yi."

Mika ya ce tela bai san bambancin kwana da fanareti ba. Ladan ya ce haka ne, ya koma kan ɗinkinsa. Mika ya ci gaba da goga roba da ƙarfe har ya huda wurin da ba huda.

Da yamma a tsakar gida ya fara zagaye-zagaye. Ya ce shi fa yana tunani, damina ɗaya ba wani abu ba ce, Rachel kuma ba tsufa ta yi ba, samari sun cika gari, ba dole sai gola ba. Saloma ta ajiye ludayi.

"Wato ka kori mai yi maka noma don ka dawo da mai kama maka ƙwallo. Baban Rachel, mutum ɗaya ne fa."

"Ni dai cewa na yi ya daina tsugunawa. Abu mai sauƙi."

Rachel tana daka a gefe. Taɓaryar ta tsaya. Ba ta saba sa baki a maganar manya ba, amma ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Baba, in ya tsaya ƙerere ya ba ka baya a gaban mutane, za ka ba shi ni?"

Mika mutum ne mai taurin kai, amma ba maƙaryaci ba ne. Ya juya tambayar ta kowane gefe yana neman inda take yoyo, bai samu ba. Ba zai ba shi ba. Shi ne ma zai fara cewa yaron ba shi da kunya. Ya yi gyaran murya ya ce to, ai golmo damina bakwai ce, an ci ɗaya, saura shida, zai iya haƙuri.

Saloma ta ce, "Golmo ce ke ƙarewa. Kai da ka ɗauko ni shekara ashirin da biyu, ka taɓa kallon babana cikin ido?"

Bai taɓa ba. Har gobe in zai wuce ƙofar tsohon sai ya sauka daga keke ya tura. Ya ci tuwonsa bai ƙara cewa komai ba, abin da ya sa Saloma ta tambaye shi ko jikinsa lafiya.

Ana cikin haka labari ya zo cewa 'Yan Hanya za su zo wasa. Leburorin gyaran hanya ne da suka yi sansani can wajen Kontagora, ƙarti masu takalma, waɗanda aka ce tun da suka fara ba a taɓa cin su ba. Saura kwana uku Malam Haggai ya zo rumfa, ya daɗe yana duba tayar kekensa wadda ba abin da ya same ta, sannan ya ce yana ɗauke da saƙo.

"Dawuda ne ya aiko ni, Baba Mika. Ya ce a gaya maka ya bar ƙwallo. Ya ce kai ka riga shi zuwa filin nan, ba zai zama sanadin da za a ce ka tashi ba. Yero, ɗaya daga cikin yaranmu, zai tsaya gida ranar Asabar, kai kuma ka zauna wurinka ka ba shi oda yadda ka saba."

Mika ya ji tsoro, tsoro na gaske, irin wanda bai ji ba ko a jirgin ruwa. Ga abin da yake so an miƙo masa a hannu. Yana son wurin nan nasa fiye da yadda zai iya gaya wa kowa. A kasuwa shi gurgu ne mai faci, a taron tsofaffin soja shi ne wanda bai kai Bama ba, a bayan gida ne kaɗai yake buɗe baki mutum ɗari su yi shiru. In ya ce to, ya riƙe wannan har ya mutu. Amma ya san hannun da ya gani a kan rumbu, ya san ba za a sake yin irinsa ba a zamaninsa, kuma hannun nan zai koma kama damin dawa saboda shi.

Ya ce, "Yero? Yero ko ƙwarya aka miƙa masa sai ta faɗi."

"To ya za a yi, Baba?"

"Ka gaya wa Dawuda ya sa hularsa ya tsaya gida. Ni Asabar ina da aiki."

"Wane aiki?"

"Faci."

Malam Haggai ya dube shi. "Wannan Asabar ɗin kaɗai?"

"Kowace Asabar. Kekuna sun yi yawa a garin nan."

Kekunan garin a lokacin ba su kai ashirin ba, kuma Malam Haggai ya san adadinsu. Ya cire hula ya yi godiya da Hausa, abin da ba ya yawan yi.

Ranar wasa Mika ya hura ƙwallo da kansa, ya matsa ta da babban yatsa, ya rage iska kaɗan, ya ƙara, ya ɗaure igiya ya tura bakinta ciki. Ya ba Malam Haggai tare da saƙo tara da zai isar wa gola, waɗanda malamin ya zubar da bakwai kafin ya kai fili. La'asar na yi kasuwa ta watse. Ladan ya rufe keken ɗinki ya bi jama'a. Aka bar Mika da ungulayen mahauta. Da yake ba wanda ya kawo faci, sai ya kwance tayar kekensa, wadda lafiyarta lau, ya shiga neman huda.

Fili ba nisa, ana jin komai, sai dai ba a gane komai. Ihu ya tashi, bai san ko na murna ba ne ko na takaici. Usur ya yi ƙara, bai san laifin wa ba ne. Ya tsoma robar cikin ruwa ya zagaya da ita sau uku. Can wajen ƙarshe sai usur ya yi wata doguwar ƙara, sannan garin ya yi tsit. Mika ya san wannan shirun. Fanareti ne, kuma daga gefen yamma shirun ke zuwa, inda Dawuda yake bayan an juya gida. Ya miƙe, ruwa na ɗiga daga hannunsa, ya yi taku biyar. In ya kai kusurwar siton En'e zai hango gidan sarai. Wanda ke gidan kuma zai hango shi. Ya tsaya nan tsakiyar hanya da roba a hannu, bakinsa na motsi ba sauti, sannan ya juya ya koma ya zauna. Bai gama zama ba aka yi wani ihu da ya tayar da ungulaye duka.

Ladan ne ya fara isowa, yana haki.

"Mun ci su ɗaya da nema! Sunka samu wancan bugu na kusa, yaronka ya kama!"

"Ta wane gefe ya faɗi?"

"Ta gefen da hammata ta yage. Na hwaɗa ma Malam wanga zare ba shi da ƙwari."

"Dama ko hagu, Ladan?"

Ladan ya ɗaga hannu ɗaya, ya ɗaga ɗayan, ya ce sai ya ga rigar.

Sauran da suka biyo baya ba su fi shi ba. Wani ya ce tashi sama ya yi, wani ya ce ko motsi bai yi ba, ƙwallon ce ta kawo kanta. Wani ya ce shi rufe ido ya yi. Mutum ɗari uku sun ga abin, babu ko ɗaya da ya san abin da ya gani. Mika ya ji kamar ya yi kuka don haushi.

Sai ga taron ya ɓullo, an ɗauko Dawuda a kafaɗa ana waƙa. Da suka zo daidai rumfar, Dawuda ya shiga mutsu-mutsu har aka sauke shi. Ya cire hula ya tsuguna, rigar a yage, gwiwa duk jini. Waƙa ta tsaya. Ga mutum ɗaya tak a duniya da ya san yadda aka yi.

Mika ya ce, "An ce ka kama."

"Allah ne ya kiyaye, Baba."

"Na sani. Kafin Allah ya kiyaye, ƙafarsa ka duba ko idonsa? Ka jira ko ka riga shi?"

"Yadda ka koya mini, Baba."

"Iri uku na koya maka."

Dawuda ya ƙara sunkuyar da kai. Yaro mai kunya ba ya yabon kansa a gaban suruki, ko da wuƙa aka sa masa a wuya. Ya ce, "I, Baba."

Mika ya daɗe yana kallon ƙeyarsa. Tambayoyi sun cika masa baki, kuma ya gane duk amsarsu ɗaya ce, yau da gobe da shekara ashirin. Ya goge hannunsa a riga.

"To, madalla. Tashi ka je, suna jiranka. A sa wa gwiwar nan gishiri."

Dawuda ya tsare gidan Mazan Tudu shekara tara bayan wannan, ya gama golmonsa a ciki, Rachel ta haifa masa 'ya'ya uku. Mutane sukan taso tun daga Danko da Kanya don su gan shi kawai. Baƙi in sun tsaya faci sukan ce wa Mika, ashe surukinka ne, ai ba a taɓa yin gola kamarsa ba a ƙasar nan. Mika yakan ci gaba da goga robarsa, ya ce shi ma haka ya ji.